Yadda Maitama Ya Fitar da Iska Daga Intanet

Asabar ce, a watan Nuwamba. Ruwa ya kwana yana zuba a Libreville, gari ya waye bai ɗauke ba.

Washegari Lahadi suna. Matar ɗana Nafiou ta haihu a Zinder, namiji, jikana na fari. A gidanmu kaka ne yake faɗin suna da bakinsa a gaban liman. Kafin nan ko uban yaron ba ya ji. Shekara goma sha ɗaya rabona da gida. Aka shirya zan fito ta waya mai hoto ƙarfe bakwai na safe, in ga yaron, in faɗi suna. Sunan da ke bakina Issoufou, sunan mahaifina, Allah ya jiƙan sa.

Matsalar layi ce. Ina da intanet na gida, irin wanda yake biyo wayar tarho daga turke ya shiga wani ƙaramin akwati mai fitilu. Da can lafiya lau yake. Wata takwas ke nan ya koma jan ciki. In na kira Zinder na yi sallama, sai hoto ya daskare bakina a buɗe, amsar ta iso bayan na shanye shayi. Gidan kuma a kwari yake, bayan unguwar Oloumi. Rezo, wato siginar wayar hannu, ba ya saukowa, sai ka hau bakin titi. Ni kuwa ba zan faɗi sunan mahaifina a tsakiyar hon na taksi ba.

Ranar Juma'a surukin Nafiou, Alhaji Rabiou, ya aiko mini da saƙon murya. Ya ce, "Alhaji Hammadi, liman ba ya jiran hoto. In bakwai ta yi ba ka fito ba, ni ma kaka ne. Kuma ina da suna mai kyau a hannu." Na san sunan. Nasa ne. Nafiou kuwa ko ido ba ya iya haɗawa da surukinsa, balle ya musa masa.

Na kira kamfanin waya. Suka ce mai gyara sai Talata.

Ni ba mai yawan tambaya ba ne. Watannin nan mutanen da ban sani ba suna tare ni a hanya su ce, "Alhaji, Allah ya jiƙan tsoho, Allah ya kai lada." In ce amin in wuce. Masu taksi kuma sun mayar da gindin katangata tasha. Na ɗauka inuwar mangwaro ce ta kawo su.

Wajen ƙarfe tara Maitama ya shigo, ba a kira shi ba. Mutumin Kano ne, bakaniken manyan motoci a wani gareji a Oloumi. Yakan ce ya taɓa tayar da injin jirgin ruwa a Port Môle da cokalin shayi. Har yau ba a sami wanda ya ga jirgin ba.

"Alhaji, na ji an ce layinka yana tari."

"Wa ya ce?"

"Gari ya ce. Ina mara lafiyan?"

Na nuna masa akwatin a kan kabad. Ya zaro sukudireba, ya ɗora bakinta a jikin akwatin, ya manna ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido. Ya daɗe.

"Kai. Yaushe rabon da a yi masa sabis?"

"Ba a yi masa sabis. Akwati ne."

"Shekararsa nawa?"

"Huɗu."

"Shekara huɗu ba sabis! Alhaji, in tirela ce da tuni ta kwanta a hanyar Ntoum."

Matata Hajiya Ummussalma ta leƙo daga ƙofar kicin. "Alhaji, a kira Maman Ntsame mana." Maman Ntsame ita ce mai gidan da muke haya, 'yar ƙasa ce, ƙofarta na kallon tamu. Shekara ashirin da biyar ta yi tana aiki a kamfanin waya kafin ta huta.

Maitama ya yi dariya. "Hajiya, zaman ofishin waya daban, sanin inji daban. Ke dai ɗora mana shayi."

"Na ɗora tun ɗazu. Ban auna da kai ba."

Bai ji ba. Ya zauna a kujerata ya naɗe hannun riga. "Alhaji, abin nan ba sihiri ba ne. Intanet gazuwal ne, man dizal. Wayar nan tiyo ce. Akwatin nan inji. In inji ba ya ja, abu uku ne: ko filta ta toshe, ko mai ba ya gangarowa, ko iska ta shiga layi. Kafin azahar za ka ga jikanka har ka ƙirga gashin kansa."

Ni aji uku na yi a lakwal, makarantar boko, aka cire ni. Maganar ta shiga kunnena.

Ya bi waya har jikin bango, ya tarar da wani ɗan farin roba kamar ashana.

"Wannan fa?"

"Wanda ya haɗa layin ya ce filta ce."

Ya dube ni kamar na ɓoye masa gawa. "Shekara huɗu. Ko sau ɗaya an wanke ta?"

Ya fita wurin babur ɗinsa, ya zuƙo isansi, wato fetur, a gwangwanin madara, ya jefa filtar a ciki. Ya nemi burushi, ya ɗauki na farko da ya gani a bakin famfo. Na Hajiya ne. Ya goge, ya hura, ya ɗaga ya leƙa da ido ɗaya. Ya ce saura ta bushe, rana kuwa babu. Sai ya ajiye ta a bakin kurfotin gawayin Hajiya, ya sunkuya yana fifita.

Abin ya ce fuu.

Butar shayi ta kife. Girar Maitama ta hagu ta tafi. Da hayaƙi ya lafa, filtar ta koma kamar ƙonannen dabino.

"Ka gani?" in ji shi. "Datti ne ya ci wuta. Filta mai tsabta ba ta kamawa haka."

"Burushina fa?" in ji Hajiya.

"Yanzu ya fi da tsabta, Hajiya."

Ya fere wayoyin da haƙori, ya murɗe su kai tsaye, ya ɗaure da leda. Fitilu suka kawo. Na kira Zinder don gwaji. Goshin Nafiou ya fito, ya tsaya.

"Ci gaba ne," in ji Maitama. "Ga goshi tar."

"Jiya har haɓa nake gani."

"To ai mun cire na ɗaya. Saura biyu."

Ya tsaya yana kallon kabad yana girgiza kai. "Wa ya ɗora inji a sama? Mai yana hawan tudu? Dole ya gangaro." Ya sauke akwatin ya ajiye a ƙasa, a bakin ƙofar falo, inda ya ce nan ne mafi gangare. Gaskiyarsa, nan ne mafi gangare. Shi ya sa in ruwa ya yi ƙarfi ta nan yake shigo mana. Ba a yi minti goma ba ruwan ya ƙaru. Hajiya ta fito, ta ɗaga akwatin ta sa a robar wanki, ta koma. Muna zaune ƙafafunmu a kan kujera, akwatin yana yawo a falo da fitilunsa kamar jirgin Port-Gentil.

"Yana shan iska," in ji Maitama. "Yana da kyau ga inji."

Na miƙa hannu na kamo shi, na mayar kan kabad.

Bayan azahar ruwa ya koma yayyafi. Maitama ya ci tuwon da ba a auna da shi ba, ya suɗe hannu, ya ce, "Alhaji, yanzu babu shakka. Iska ce. Kuma ba a fitar da iska daga wajen inji, daga wajen tanki ake farawa." Ya nuna turken waya da ke ƙofar gida. A samansa akwai wani akwatin ƙarfe, daga nan wayoyin gida shida suke rabuwa.

"Wannan na kamfani ne."

"Kamfani ya ce Talata. Yaro kuma gobe zai zama Rabiou."

Na gyaɗa kai. Ya tafi ya aro tsani wurin Maman Ntsame. Daga baya na ji cewa ya yi mangwaro zai tsinko mata.

Ya ba ni aikina. "Zan zare waya ɗaya bayan ɗaya. In fitila ta mutu ka yi ihu, wannan ce taka. Kai kuma tun yanzu ka fara famfo."

"Wane famfo?"

"Maɓallin bayan akwati. Danna, saki, danna, saki. Kamar injin gazuwal."

Haka na tsaya a bakin taga, shekara sittin da bakwai, ina yi wa akwati famfo. Abin da ni da shi ba mu lura ba, maɓallin nan na kashewa ne da kunnawa.

"Ta mutu?"

"Ta mutu!"

"Madalla!"

"Ta dawo."

"To ba ita ba ce. Wannan fa?"

"Ta mutu. Ta dawo."

Wadda ya zare ba ya mayarwa, sai ya maƙale ta a baki, don hannu ɗaya yana riƙe da turke. Kafin mu ankara ya zare duka shida.

Ƙofar Maman Ntsame ta buɗe. Ta fito da kan tarho a hannu ɗaya, taɓarya a ɗayan, don daka ganyen rogo take tana hira da ƙanwarta ta Oyem. Ta tsaya a gindin turken, ta ɗaga kai, ta tambaye shi da Faransanci ina mangwaron.

Maitama bai iya amsawa ba, baki cike da waya. Daidai nan wani bawan Allah, ko daga ina, ya kira ɗaya daga cikin gidajen nan shida. Ashe in tarho zai yi ƙara wuta ce take biyo wayar. Maitama ya yi wani kuka irin na akuya, ya tofar da su gaba ɗaya. Suka rataya suna lilo, ba wanda ya san wacce ta ina.

Maman Ntsame ta jingine taɓarya. Ta ɗauki tsaninta ta rataya a kafaɗa. Maitama ya rungume turke, ƙafafunsa a kan ƙusoshi biyu.

"Madam! Alhaji, ka yi mata magana!"

"Tsaninta ne," na ce.

Fitilar layi a akwatina ta mutu, wannan karon ba ta dawo ba. Na fito ƙofar gida. Sai na ga ƙofofin taksin da ke gindin katanga suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fara isowa Saliou ne, direba, mutumin Gine, yana jin Hausar kasuwa. Ya cire hula.

"Alhaji, lafiya? Sadaka ta tsaya."

"Wace sadaka?"

"Ta tsoho."

Kafin in sake magana mai shayi ya iso da ludayi a hannu. Teloli biyu suka fito da awo a wuya. Mai kilishi. Masu aski. Matan gidan baya suna leƙowa ta kan katanga. Daga ƙarshe Malam Ikirama, limamin ƙaramin masallacinmu, ya taho a hankali da lema, abin sauraro a kunne, ya ce tafsiri ya yanke masa ana tsakiyar aya. Kowa da waya a hannu, kowa yana tambaya ko lafiya.

Na ce, "Me ya haɗa wayoyinku da layina?"

Saliou ya fara karanto lambobi. Na uku bai fita bakinsa ba jama'a suka ɗauka tare, da murya ɗaya, kamar makarantar allo. Lambobin sirri ne na hawa layina, da ke manne a ƙarƙashin akwatina, waɗanda ni kaina ban haddace ba.

Malam Ikirama ya gyara murya. "Alhaji, ai a azumin da ya wuce Maitama ya tashi bayan la'asar, ya ce ka yi sadakar intanet don ran mahaifinka, shi ka wakilta. Ya ce ba ka son a yi maka maganar, saboda gudun riya. Har na yi huɗuba a kanka, ban kama suna ba."

Kowa ya ɗaga kai. Ni ma na ɗaga.

"Alhaji," in ji Maitama daga sama, leɓensa ya fara kumbura, "niyyar alheri ce. Mutum uku kawai na ba."

"A lasifika ka faɗa," in ji mai shayi.

"Lasifikar ce ta ƙara."

"Ka ce layinku ne kai da Alhaji," in ji ɗaya telan. "Ka ce kai ka jawo shi daga teku."

"Na ce na ba da shawara."

Hajiya tana bakin ƙofa, ta harɗe hannu. "Maitama, ga iskar da ka ce ta shiga layi. Ga ta nan tsaye da takalma."

Aka yi dariya har masu wucewa suka tsaya. Wani ya ɗaga waya zai ɗauki hoton Maitama ya tura gida, sai ya tuna babu layi.

Maman Ntsame ta nemi a fassara mata. Saliou ya fassara. Ta dube ni, ta dubi jama'a, ta sa aka kawo mata kujera da tabarau. Ta zauna a gindin turke, tsani a kwance a ƙafarta, ta fara ba da umarni: wannan launi da wancan, a rami na ɗaya, wancan da wancan, a na biyu.

"Madam, a ilimin inji…"

Ta tura tsanin baya da ƙafa.

"To, Madam."

Awa guda aka yi. Nata layin aka fara haɗawa, ta shiga ta ji tarho yana numfashi, ta dawo. Duk lokacin da ya sa waya a ramin da ba shi ba, jama'a su ce "A'a!" tare, har waɗanda ba su san komai ba. Da aka gama ta shigo falona, ta ga murɗin leda a bango, ta yi alamar gicciye. Ta tambayi filta. Na nuna mata dabinon.

Hajiya ta shiga ɗaki, na ji ana buɗe kwalla. Ta fito da sabuwar filta a cikin ledarta.

"Biyu suka zo a kwalin."

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"An ce in ɗora shayi."

Maman Ntsame ta haɗa komai da hannunta. Fitilu suka tsaya kore. Muka fito, ta yi bayani a gaban kowa: layin lafiyarsa ƙalau, akwatin ma haka. Na gida ɗaya ne, ba na unguwa ba. Maganin minti biyu ne, a sake lambobin sirri, kowa ya kama gabansa.

Malam Ikirama ya duƙar da kai yana kallon takalminsa. Saliou yana murza hula.

Na yi tunani. Ban bayar ba, gaskiya ne. Amma an karɓa. Wata takwas ana yi wa mahaifina addu'a a bakin teku, mutanen da ba su taɓa ganinsa ba, har da masu zuwa coci. Kuma duk wanda ya yi, na ce amin. Ban san yadda mutum zai je ya karɓo amin ɗinsa ba.

Na ce, "A bar lambobin."

Aka yi kabbara. Maitama ma ya yi daga sama, ya kusa sakin turke.

"To angon nawa fa?" in ji Hajiya. Jikan take nufi. "Sunan Alhajin Zinder za a sa masa?"

Saliou ya rantse gobe daga shida da rabi kowa zai kashe wayarsa. Jama'a suka rantse.

"Ban yarda ba," in ji Hajiya. "Na ga yadda kuka fito yanzu kamar an yi gobara." Ta shiga ta ɗauko robar wankin nan ta dire a ƙofar gida. "Kowa ya kawo tasa nan, ya shigo ya ci waina. In an shafa fatiha ya karɓa. Saura mai riƙe roba."

Aka sake ɗaga kai.

"Ni da nake da gareji…" in ji Maitama.

Maman Ntsame ta sunkuya za ta ɗauki tsani ta tafi.

"Zan riƙe."

Lahadi gari ya waye da rana. Ƙarfe shida Maitama yana ƙofar gida, gira ɗaya, leɓe kamar an dafa, roba a hannu. Duk wanda ya jefa waya sai ya ce masa, "Tun farko na gaya wa Alhaji, lodi ne ya yi wa inji yawa." Da kowa ya shiga, Hajiya ta je ta tsaya a gabansa ta miƙa hannu. Ya ce ya riga ya sa tasa. Ba ta janye hannun ba. Ya ciro ta daga cikin hula.

Bakwai saura biyar na kira. Hoto ya fito tas. Ga tsakar gidanmu, ga bishiyar dalbejiyar da na bari ba ta kai kafaɗata ba, ta rufe rabin gidan. Ga liman a kan buzu. Ga Alhaji Rabiou a gefensa cikin sabuwar shadda, ya riga ya matso da bakinsa kusa da kunnen liman.

"A'a! Alhaji Hammadi, ka fito?"

"Na fito."

Nafiou ya kawo yaron a cikin farin zane, ya buɗe fuskar. Kunnuwan mahaifina ne, manya, a tsaye. Na duba. Na daɗe ina dubawa.

"Malam, hoton ya daskare," in ji Alhaji Rabiou. "Lokaci yana tafiya, bari in…"

"Bai daskare ba. Kallo nake."

Sannan na ce, "Issoufou."

Liman ya maimaita, maroƙi ya ɗauka. Aka shafa fatiha a Zinder, aka shafa a falona. Hajiya ta yi guɗa, ta leƙa ta ce wannan mai kunnuwan ba za ta aure shi ba.

Aka ci waina. Jama'a suka fita ɗaya bayan ɗaya, kowa ya laluba robar ya ɗauki tasa, ya juyo ya ce, "Allah ya jiƙan Issoufou, Allah ya raya Issoufou." Na yi ta cewa amin.

Robar ta kusa ƙarewa sai ga wani baƙo da jaka, ya sauko daga jirgi a Port Môle, yana tambayar masallacin Hausawa. Maitama ya ajiye roba, ya ja shi gindin mangwaro, ya tambaye shi ko yana da waya. Ina daga taga ina jin sa yana karanta masa lambobin, a hankali, ɗaya bayan ɗaya.